Sibren Talsma Ya Bi Sabis Har Kan Yashi

Duk wanda ya taɓa ɗaure jirginsa kusa da na Sibren Talsma ya san gaisuwar safe da shi ba ta ƙarewa sai gahawa ta huce. Ka ce masa yau akwai iska, sai ya gaya maka daga inda ta taso da abin da ya sa masu hasashen yanayi ba su gane ta ba. Ka ce igiyarka ta kwance, sai ya kwance sauran ya nuna maka yadda ake ƙulli. Amma inda bakinsa ya fi kaifi shi ne maganar waya da intanet, domin a kamfanin tarho ya yi aiki har ya yi ritaya. Abin da ba ya faɗa shi ne, a sashen sayen kujeru da labule ya yi aikin. Matarsa Renske ta sani, mu ma 'yan ƙungiyar masu jirage duk mun sani, sai dai mutum ne mai kyautar ƙyafaffen kifi, don haka ake barinsa ya yi ta zuba.

A bazarar da abin ya faru, 'yarsu Marrit da ke aure a Kanada ta haifi mace, jikarsu ta fari, kuma ta raɗa wa Renske cewa sunanta za a sa wa yarinyar. Renske ta so zuwa kamar ta yi fiffike, likita ya hana ta hawa jirgin sama saboda jijiyar ƙafarta. Abin da ya rage mata shi ne ta kalli baftismar ta kwamfuta. Ranar Lahadi za a yi, da safe a can, ƙarfe shida na yamma a nan, surukinsu zai riƙe waya a coci. Ita dai so take ta zauna a falonta na garin Dokkum, a arewacin ƙasar Holan, inda intanet bai taɓa ba ta kunya ba. Matsalar ita ce a wannan makon ƙungiya ke fita yawonta na shekara zuwa tsibiri, kuma Sibren bai taɓa fashi ba.

"Intanet na gida ai ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, cikin laka da tana," in ji shi. "A teku babu gini, babu bishiya. Sabis zamewa yake yi a kan ruwa. Sai kin ƙirga gashin idon yarinyar."

"Ni fuskarta kawai nake son gani."

"Za ki samu har da gyara."

Renske ta ajiye kofinta ta dube shi. "Sibren, ban taɓa roƙonka komai a kan jirgin nan ba. In na rasa ganin takwarata, ƙafata ba za ta sake taka shi ba, kuma ba na jin zan yafe maka."

Wani mijin da ya ji wannan, da ya kwana da tsoro. Shi kuwa daɗi ya ji, don ya ɗauka an ba shi fili ne ya nuna kansa.

Suka isa 'yar tashar tsibirin ranar Asabar da hantsi, suka ɗaure kusa da Ubbo, tsohon likitan haƙori wanda ya daina cirar haƙoran mutane ya koma tsokanarsu. Jirgin Ubbo irin na gargajiya ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda in ruwan tekunmu na Wad ya yi janyewarsa ta kullum sai ya zauna daram a kan yashi kamar faranti. Na Sibren kuwa siriri ne mai wani ƙaton ƙarfe a ƙasa, ƙafa ɗaya tal, ga gudu amma ba ya tsayuwa sai cikin ruwa. Shekara da shekaru suna musu a kan wanne ya fi, ba wanda ya taɓa sauka daga kan bakansa.

Ko igiya bai gama ɗaurewa ba Sibren ya fito da kayan aiki. Akwai wani farin akwatin kamo intanet mai 'yan fitilu, akwai eriya, akwai nannaɗaɗɗiyar waya da za ta iya zagaye coci. Ya shiga kicin ya ɗauko kwandon ƙarfe da Renske ke tace taliya, ya ɗaure eriyar a tsakiyarsa, ya bayyana wa duk wanda ke wucewa cewa da irin wannan ake magana da duniyar wata. Sannan ya bi jirage ɗaya bayan ɗaya yana gayyatar mutane kallon baftisma gobe a jirginsa. Har wasu Jamusawa biyu da bai san sunansu ba ya gayyata.

"Maƙwabci," in ji Ubbo yana leƙo kai, "in taliyar ta dahu a sa mini."

"Yi dariyarka, likita. Gobe kai za ka zo roƙon lambar sirri."

"Ni wayata tana kama sandar sabis ɗaya, ta ishe ni in ji ko 'ya'yana na raye."

"Sanda ɗaya ai ta masu faranti ce."

Ya jona akwatin da caja da wata na'ura da ya haɗa da kansa, duka a soket ɗaya, ya kai filogin ga turken wuta na bakin gadar da ake ɗaure jirage. Aka ji tas. Wuta ta ɗauke tun daga jirgin farko har na ƙarshe, kuma daidai lokacin gahawar hantsi, wanda a wurinmu ko gobara jira take a gama. Kawuna suka fara fitowa daga cikin jirage. Wata mata ta ɗaga butarta sama, ta tabbatar ya gani. Sibren ya tsaya a tsakiyar gada ya sanar cewa wayoyin tashar sun tsufa, sa'a aka yi shi ya gano kafin su kashe wani. Ubbo ya je ya ɗaga makunnin, wuta ta dawo, ya dawo yana tambaya ko a rubuta wa sarki a ba Sibren lambar yabo.

Da la'asar Renske ta kai wanki ɗakin injinan da ke jikin ofishin mai kula da tasha. Ta dawo fuskarta a sake, irin sakin da Sibren bai gani ba tun da suka baro gida. Ta ce ashe waifai ɗin tasha yana kamawa sosai a ɗakin wanki, har ta ga hoton jaririyar, akwai kuma benci. Gobe sai ta ɗauki kwamfuta ta zauna can, shi ke nan.

Maganar ta soki Sibren. Matar mutumin da ya yi aiki a kamfanin tarho, ta kalli baftismar jikarta tsakanin safar wasu da kamfan wasu? Ga kuma mutanen da ya gayyata. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, sabis ɗin yana nan, juya shi kawai za a yi ya fuskanci jirage. Mai kula da tashar ta haye bikin ƙanenta sai Litinin, ta bar ƙofa a buɗe saboda masu wanki, don ba ta taɓa zaton akwai wanda zai taɓa akwatin waifai da ke saman kabad ba. Sibren ya taka kujera, ya juya akwatin hagu, ya juya shi dama, ya ga wani ɗan rami a bayansa. Ya san irin wannan rami, ya taɓa ganin wani injiniya ya soka masa allura. Ya soka, ya danne, fitilu suka yi ƙyaf-ƙyaf suka koma ja, ba su sake canzawa ba.

Kafin ya iso jirginsa labari ya riga shi. Wani da ke kallon tseren keke ya fito da waya a hannu yana tambayar wa ya mutu. Jamusawan nan biyu suna ta kashe wayarsu suna kunnawa. Ubbo ya ce shi dai bai ga komai ba, sai dai ya ga wani mutum mai kama da maƙwabcinsa ya fito daga ofis da allura a baki kamar tela. Sibren ya ce akwatin sabunta kansa yake yi, irin na zamani haka suke, zuwa safe zai farfaɗo da ƙarfin da ya ninka na da. Renske ta soya dankali, ta zuba nata, ta bar masa kaskon.

Gari ya waye fitilu suna nan ja. Shi kuwa akwatin Sibren, duk inda aka juya kwando sanda ɗaya yake nunawa, irin ta masu faranti. Ya ce tudun yashin tsibirin ne ya tare, abin da ake bukata tsawo ne. Ya karɓi wayar Renske, don tasa ta tsufa, ya zura ta cikin safa, ya ɗaure a igiyar tuta, ya ja ta can ƙolin jigon filafili don kwamfuta ta samu sabis daga gare ta. Abin mamaki, sai kwamfuta ta nuna sanda biyu. Mutane suka matso da gaske. Har Ubbo ya cire tabarau ya goge.

Da Sibren ya tsaya nan, da wataƙila an rabu lafiya. Amma bayani ya taso masa, kuma shi ba ya iya bayani da hannu ɗaya. Ya buɗe hannuwa biyu don ya nuna yadda sabis ke yaɗuwa, igiya ta sulale. Safa ta taho kamar an jefo ta, ta daki rufin jirgi, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa tsakanin jirginsa da na Ubbo. 'Yan kumfa suka taso, suka fashe.

"To, yanzu ta shiga ƙarƙashin ƙasa cikin laka da tana," in ji Renske a hankali. "Kamar ta gida."

Ta shiga ciki ta sa rigar ruwa ta ɗauki jaka. Jirgin fito ɗaya ne ranar Lahadi, da tsakar rana, in ta same shi za ta kai gida kafin shida. Sai ta tuna katin bankinta yana cikin jakar wayar, wayar tana cikin safa, safar tana ƙasan teku. Matar Ubbo ta ba ta nata ta ce ta yi sauri. Sibren ya bi ta yana rantsuwa cewa da komar kamun kifi zai kamo wayar yanzun nan, a zuba ta cikin shinkafa ta warke, ya tare gabanta a kan gada yana lissafa mata wayoyin da ya taɓa ceta. Da ƙyar ta raba shi ta wuce. Ƙafarta ba ta gudu. Tana shan kwanar ƙarshe jirgin fito ya yi ƙugi ya ja baya. Ta tsaya tana kallonsa har ya zama ɗigo, sannan ta dawo ta zauna a bayan jirginsu da jakar a cinya, idonta ya kaɗa.

Ganin haka hankalin Sibren ya tashi, don yana son matarsa, wannan kam ba wanda ya taɓa musu. Sai dai shi in tsoro ya kama shi ba shiru yake yi ba, sabon shiri yake fitowa da shi. Ya nuna can gaɓar babban yanki inda ake hango wani dogon turken sabis kamar tsinke. Ya ce ga uwar sabis can, su ne suka ɓuya a bayan tudu. A fita fili, a fuskance ta, magana ta ƙare.

Ubbo ya daina dariya. Ya ce ruwa ya fara janyewa, in dai fitar za a yi a zo a hau nasa, shi ko ruwa ya ƙafe zama zai yi.

"A faranti za a kalli jikata?" in ji Sibren. "Ni na san tekun nan kamar aljihuna."

"Aljihun naka ne nake tsoro, maƙwabci. Komai aka sa a ciki faɗuwa yake."

Renske ta dubi akwatin da ke manne da batirin jirginsu da wayoyi kamar hanji, ta ga ba a cire shi cikin sauƙi. Ta miƙe ta kwance igiya da kanta.

Suka fita da inji. Ya ɗaure kwando a ƙolin jigo, wannan karon da ƙulli har uku, ya ba Renske sitiyari, shi ya tsaya a goshin jirgi da kwamfuta a hannu kamar mai karanta wa kifaye wasiƙa. A Wad hanyar ruwa siririya ce, kuma an kakkafa rassan bishiya a laka don a san inda take. Yaron goye ma ya san ba a barin rassan. Sibren bai ko kalle su ba, sanduna yake kallo. Sanda biyu, ya ce a yi dama. Ta koma ɗaya, ya ce a yi hagu. Renske ta ce rassan suna bayansu. Ya ce rassa na masu neman hanya ne, su sabis suke nema. Na'urar auna zurfi ta fara tsuwa, ya dawo da gudu ya kashe ta, wai tana rikita eriya.

Oba-oba ta yi ƙara, muryar Ubbo ta fito, a tashar da duk jiragen yankin ke saurare.

"Kyaftin Talsma, daga nan ina hango tsuntsu a gabanka."

"Tsuntsu ai a teku yake, likita."

"Wannan a tsaye yake. Ina ganin gwiwarsa."

Sibren ya rage muryar oba-oba. Daidai nan kwamfuta ta nuna sanda uku, ta ƙara ɗaya, ta cika taf. Ya ɗaga ta sama ya juyo wurin matarsa fuska kamar gonar auduga, ya ce a saki anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Ba a bukaci anga ba. Jirgin ya yi wani ɗan nishi ya tsaya da kansa.

Ya ce dama nan ya nufa. Ya ce ya taɓa ƙasa ne da gangan don kada hoto ya yi rawa. Ya buɗe oba-oba ya sanar da duniya cewa sabis ya cika, masu son kallo su taho. Renske ta gwada kiran Kanada, sai ga fuskar Marrit tar, tana ɗaure gashi, ta ce suna shirin fita, sai an jima. Karo na farko tun jiya Renske ta yi murmushi, Sibren kuwa ƙirjinsa ya kusa fasa maɓalli.

Ruwa dai bai san da wannan ba, janyewarsa yake yi. Da fari cokali ne ya gangara daga kan tebur. Sai butar gahawa ta bi shi. Sibren ya ce idonsu ne. Kabad ya buɗe, gwangwanaye suka fito a jere suka taru a kusurwa ɗaya. Renske ta cafe kwalin biskit da alawar barbaɗawa mai ruwan hoda, wadda ta taho da ita don a ci albarkacin haihuwar mace, ta rungume. Jirgi ya yi ta karkata a hankali, ba gaggawa, kamar tsoho zai kishingiɗa, har ya kwanta da haƙarƙarinsa a kan yashi. Jigon da ke kallon sama ya koma yana nuna Denmark. Kwando ya sauko kusa da ƙasa, sanduna suka sauko tare da shi, huɗu, biyu, babu.

Baƙin da ya gayyata sun amsa gayyata. Masu faranti suka taho ɗaya bayan ɗaya da sauran ruwan da ya rage, suka zazzauna daram kewaye da shi, suka sauke tsani, suka fito da kujerun naɗi da fulas. Ubbo ya zagaya jirgin Sibren hannu a baya, ya duba ƙarfen ƙasa da ke sheƙi a rana, ya ce a aikinsa in ya ga saiwa a waje haka, cirewa yake yi. Kamar wannan bai isa ba, sai ga ayarin masu yawon laka, irin waɗanda ke tako ƙasan teku da ƙafa in ruwa ya janye, da gajerun wanduna da laka har cinya. Jagoransu ya tsayar da su ya nuna jirgin da sandarsa, ya ce su duba da kyau, ga abin da yake gaya musu ɗazu. Suka fito da wayoyi suna ɗauka. Sibren, yana maƙale da ƙarfen gefe, ya gaya musu wanke gindin jirgi ya zo yi, haka ƙwararru ke yi. Wata tsohuwa a cikinsu ta tambaye shi ina burushin.

Aka sauko da Renske a hankali, aka ba ta kujera. Kowa ya ciro wayarsa ya ɗaga, a kan yashi sanda ɗaya ce, ba ta ɗaukar hoto mai motsi. Shida ta kusa. Renske ta ɗora kwamfuta a kan kwalin biskit ta zuba wa baƙin gilashinta ido, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Tsokana ta mutu a bakin kowa, har Ubbo.

Sibren ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi matarsa, ya rufe. Ya rarrafa ya kwanto kwandon daga jigo, ya ɗaure shi a kan doguwar sandar ƙugiya, ya hau haƙarƙarin jirgin da ke sama, wurin da ya fi ko'ina tsawo a wannan fili. Santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, ya tashi. Ya juya baya ga jama'a, ya fuskanci turken sabis ɗin nan na gaɓa, ya ɗaga sandar da hannu biyu iya tsawonsa.

"Uku," in ji matar Ubbo. "Ɗan yi hagu. Tsaya nan. Huɗu."

Sai ga ƙarar kiɗan coci ta fito daga kwamfuta, a tsakiyar teku da babu ruwa. Mutane suka ja kujeru suka kewaye Renske, masu yawon laka suka tsaya a baya suna leƙe ta kafaɗa. Sibren yana jin komai, ba ya ganin komai. Ya ji an ce ga yarinyar, ya ji mata sun yi ajiyar zuciya gaba ɗaya. Ya ɗan waigo.

Hoto ya daskare. Murya kusan talatin ta ce, "Tsaya!"

Ya mayar da kai. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, abin da ya sa hoton ke tsayawa shi ne... kwando ya girgiza, aka sake ce masa ya tsaya. Daga nan ya gane ko magana ba ta halatta gare shi ba. Fasto kuwa irin masu dogon wa'azi ne. Kafaɗun Sibren suka fara zafi, ya dafe sandar da goshi. Wani tsuntsun teku ya zo ya sauka a bakin kwando, ya dube shi, ya yi abin da tsuntsu ke yi a kan hularsa. Bai motsa ba.

Sai coci ta yi tsit, muryar fasto ta fito sarai yana tambayar sunan yarinya. Marrit ta amsa, "Renske Sibrich."

Sibrich sunansa ne aka juya shi na mata. Ba wanda ya gaya masa, ashe ajiye masa aka yi don ya gani da idonsa. Ya ji kukan jaririya da ruwa ya taɓa kanta, ya ji kukan matarsa a bayansa, ya ji jama'a na tafi da hannuwa masu laka. Duk jikinsa ya ce ya juya. Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, babu hannun sharewa, ya ƙara ƙanƙame sandar.

Bayan an fito, Marrit ta kawo fuskar yarinyar dab da waya, Renske ta yi ta kallo tana kiran sunanta. Sannan Marrit ta ce, "Mama, ina Baba? Ya ji sunan kuwa?"

Renske ta ɗaga kwamfutar ta juya ta. Mutanen Kanada, da fasto da dangin miji, suka ga jirgi a kwance, da wani dattijo tsaye a kan haƙarƙarinsa ya ba su baya, ɗauke da kwandon taliya a kan sanda.

"Ga shi can," in ji ta. "Yana aiki."

Aka yi sallama, gilashi ya yi baƙi. Renske ta share ido, ta buɗe kwali, aka shafa wa biskit man shanu aka barbaɗa alawa, aka miƙa wa kowa har jagoran masu laka. Sibren yana nan a sama, ba wanda ya gaya masa an gama. Ubbo ya ɗauki biskit ɗaya ya nufi jirgin zai kira shi, Renske ta riƙo hannun rigarsa.

"Bar shi tukuna, likita."

"Hannunsa zai cire, Renske."

"Ba zai cire ba." Ta gyara zama, ta gutsiri biskit, tana kallon bayan mijinta. "Tun da na auri mutumin nan, yau na fara ganin ya yi abu bai yi bayaninsa ba. Bari in ɗan ƙara kallo."